Ferocissimus: Yadda Romawa Suka Auna Zafin Zuciya

Idan muna karanta tarihin Rum, mukan manta cewa yawancinsa Romawa ne suka rubuta shi, da harshensu na Latin. Shi ya sa yake da kyau mu san kalmomin da suke siffanta abokan gabarsu da su.

Mu ɗauki sifar ferox. Tana nufin mai zafin zuciya, kuma tana iya zama yabo ko zagi, wato jarumi ko mara imani. Marubucin tarihi Libi ya yi amfani da ita ga Tullus Hostiliyus, sarkin Rum na uku, inda ya nuna ya fi Romulus zafi.

Mu a Hausa da "mafi" muke kai sifa ƙololuwa, su kuwa ɗafa-ƙeya suke liƙawa. Saiwar kalmar, feroc-, tana fitowa a sigar mallaka, ferocis. Sai a ƙara mata -issimus, a sami ferocissimus. Haka atrox take zama atrocissimus, saevus ta zama saevissimus. Sifofin da suka ƙare da -er kuwa -rimus suke ɗauka: acer, mai kaifi, ta koma acerrimus.

Daga nan kalmar takan sauya aji. Ferox siga ɗaya ce ga kowane jinsi a matsayin aikau, amma ƙololuwarta kashi uku take: ferocissimus ga namiji, ferocissima ga mace, ferocissimum ga abin da ba namiji ba mace ba. Idan karɓau ce, namiji ya koma ferocissimum, mace ferocissimam. Mallaka kuma ferocissimi da ferocissimae.

Wannan siga tana ɗauke da ma'ana biyu: "mafi zafi duka" ko kuma "mai zafi ƙwarai". Mai fassara ne zai zaɓa, kuma zaɓinsa na iya mayar da al'umma guda mafi mugunta a idon masu karatu.

Yuliyas Kaisar, da ya yaƙi ƙasar Gol daga shekarar 58 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da irin wannan siga ya kira ƙabilun Belgae fortissimi, mafiya jarumtar mutanen Gol. Yabon yana da amfani gare shi, domin ya ci su da yaƙi a shekarar 57, kuma girman abokin gaba girman wanda ya kayar da shi ne. Don haka duk inda muka ga -issimus a littafin mayaƙi, mu fara tambayar wa ya rubuta, kuma me yake nema a wurin mutanen Rum.