Cutar Holan (tattalin arziki)

Cutar Holan, wadda ake kira Dutch disease da Turanci, suna ne da masana tattalin arziki suke bai wa halin da ƙasa take shiga idan wani fanni guda ya fara kawo mata kuɗin waje masu yawa cikin ɗan lokaci, har sauran fannonin da ke sayar da kaya a kasuwar duniya suka soma durƙushewa. Galibi man fetur, iskar gas ko ma'adinai ne ke jawo ta, amma tallafin ƙasashen waje da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida su ma suna iya yin hakan. Ba cuta ce ta jiki ba, aron kalma ne kawai. A Turanci kalmomin biyu duka da harafi ɗaya suke farawa, kuma wataƙila hakan ya taimaka wajen kama bakin mutane.

Asalin sunan

Mujallar The Economist ta Birtaniya ce ta fara amfani da sunan a shekarar 1977, a wani rubutu kan ƙasar Holan. A 1959 an gano babban filin iskar gas a lardin Groningen da ke arewacin ƙasar, aka fara haƙowa a 1963. Da kuɗin gas suka yi ta shigowa, sai darajar gilda, kuɗin ƙasar na wancan lokaci, ta ƙaru. Kayan masana'antun Holan suka yi tsada a idon mai saye na waje, kuma rashin aikin yi ya ƙaru a cikin shekarun 1970. Wasu masana na ganin abin da ya fi damun Holan shi ne yadda gwamnati ta zuba kuɗin gas wajen faɗaɗa tallafin jin daɗin jama'a, don haka ba ita ce misali mafi kyau na cutar da ke ɗauke da sunanta ba. An rufe filin na Groningen baki ɗaya a 2024 saboda girgizar ƙasa da haƙar ke haddasawa.

Yadda take faruwa

Bayanin da aka fi dogara da shi na W. Max Corden da J. Peter Neary ne, a wata maƙala ta 1982. Sun kasa tattalin arziki gida uku. Akwai fannin da ke bunƙasa, kamar mai. Akwai fannin da ke gogayya da kayan waje, kamar masaƙa ko noman koko. Sai kuma abubuwan da ba a iya shigo da su daga waje, irin su gine-gine, sufuri na cikin gida, aski da aikin gwamnati.

Hanya ta farko ita ce ta kashe kuɗi. Idan kuɗin mai suka shiga hannun gwamnati da jama'a, buƙatar komai tana ƙaruwa. Farashin yadi ko shinkafa ba zai tashi sosai ba, domin ana iya shigo da su a farashin duniya. Amma hayar gida da ladan magini za su tashi, tunda ba a loda gida a jirgin ruwa. Mai masaƙa sai ya ga albashi da haya sun hau, alhali ba shi da ikon ƙara kuɗin yadinsa. Idan kuma kasuwa ce ke tsayar da canji, yawan dalar da ke shigowa yana ɗaga darajar kuɗin ƙasa kai tsaye. A misali, turmin yadin da aka kashe 100 na kuɗin gida wajen yinsa, dala 10 ne idan ana canza dala a kan 10. Idan dala ta koma 8, turmin ya zama dala 12 da rabi, ba tare da mai masaƙar ya sauya komai ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙaurar ma'aikata da jari zuwa fannin da ke bunƙasa. Wannan ba ta da ƙarfi a harkar mai, saboda haƙar mai ba ta ɗaukar mutane da yawa.

Illar tana bayyana ne idan farashin ya faɗi ko rijiyar ta ƙafe. Masana'antar da aka rufe ba ta buɗuwa da sauƙi, domin ƙwararru sun watse, injina sun yi tsatsa, masu saye a waje kuma sun koma wajen wani.

Najeriya

A ƙasashen da ba su da manyan masana'antu, noma ne cutar take ci. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma har cikin shekarun 1960 gyaɗa, koko, manja, auduga da roba su ne ginshiƙin kuɗin shigar Najeriya daga waje, kuma dalar gyaɗa ta Kano ta shahara a duniya. Tsakanin 1973 da 1974 farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, haka kuma odar siminti ta 1975 wadda ta sa ɗaruruwan jiragen ruwa suka cushe tashar Legas. A 1980 naira ɗaya ta haura dala ɗaya da rabi a canjin gwamnati. Shinkafa da alkama na waje suka yi araha, matasan karkara suka nufi birane neman aikin gini da na albashi, mai kuma ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu daga fitar da kaya.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa mai laifin ɓacewar dalar gyaɗa shi kaɗai. Farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun yi ɓarna ƙwarai, kuma tun kafin nan hukumomin sayen amfanin gona suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Abin da kuɗin mai suka yi shi ne cire wa gwamnati matsin da zai tilasta mata farfaɗo da noman. Da farashin mai ya karye, aka shiga shirin SAP a 1986, aka rage darajar naira, aka rushe waɗannan hukumomi.

Ƙasashen da suka rage kaifinta

Ana yawan kwatanta Najeriya da Indonesiya, wadda ta samu garaɓasar mai a lokaci guda. Ita ta rage darajar kuɗinta a 1978, 1983 da 1986, ta zuba kuɗi a noman rani, taki da irin shinkafa, har ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984.

Norwe ta bi wata hanyar. A 1990 ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai, wanda aka fara zuba wa kuɗi a 1996. A waje kawai asusun ke zuba jari, don kada kuɗin su cika kasuwar gida, kuma ƙa'idar da aka sa a 2001 ta taƙaita abin da gwamnati ke cira a shekara ga kimanin kashi 4 cikin 100, kafin a rage shi zuwa kashi 3 a 2017. Botswana ma tana da asusun Pula na kuɗin lu'ulu'u.

Najeriya ta buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, ta kuma kafa hukumar zuba jari ta ƙasa a 2011. Na farkon ya tara biliyoyin daloli kafin 2008, amma an yi ta cira ana rabawa tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi har ya kusa ƙarewa. Tambayar yadda za a sarrafa irin waɗannan kuɗi tana gaban Chadi tun 2003, Ghana tun 2010, da Nijar wadda ta fara fitar da ɗanyen mai na Agadem ta bututun da ya ratsa Jamhuriyar Benin a 2024.