Shekarar Da Jirgi Ya Faɗi: Tsakanin Bakin Kaka Da Katin Bature



Da yawa daga cikinmu idan muka tambayi tsofaffi yaushe aka haifi wane, amsar ba ta zuwa da lamba. Sai a ce shekarar fara, ko shekarar yunwa, ko shekarar da jirgin Turawa ya faɗi a bayan gari. Wannan ta ƙarshen ita za mu bi yau, domin akwai takardun da za su iya mayar da ita rana da wata.

Me ya kawo jiragen yaƙi ƙasarmu tun farko? A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Hitila, Faransa kuma ta faɗi, sai hanyar tekun Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila. Dabarar da aka yi ita ce a kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yanzu, a harhaɗa su, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wato Njamena, El Jenena, El Fashir, Khartum, har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Ga hazon hunturu, ga guguwar damina, ga nisan daji, ba dukkansu suka isa ba.

Duk hatsarin da ba abokan gaba suka jawo ba, rundunar sojin saman Ingila, RAF, tana taƙaita shi a wani kati mai suna Fom 1180. Ana samun kwafinsa a gidan tarihin RAF da ke Hendon a Landan. Littattafan aikin yau da kullum na rundunoni da sansanoni suna ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, ƙarƙashin lambobin AIR 27 da AIR 28. Amurkawa, da su ma suka bi hanyar, suna da nasu Fom 14, a sansanin Maxwell da ke Alabama.

To, in kati ya zo hannunmu, yaya za mu karanta shi?

Mu fara da lambar jirgin. Sunan mutum yana iya zuwa da kuskure, amma lambar ita ce igiyar da ke ɗaure kati da sauran takardu. Sai matakin lalacewa: daga 1941, "Cat E" na nufin jirgin ya tashi daga aiki, "Cat B" kuma a kai shi wurin gyara. Wannan hukunci ne a kan ƙarfe. Kada mu ga "Cat E" mu rubuta cewa kowa ya mutu. Jirgi kan ragargaje matuƙinsa ya fito da ƙafarsa.

Sai wuri. Wanda ya cika katin sau da yawa bai taɓa taka ƙauyen ba. Yakan rubuta mil kaza gabas da Kano, ko ya rubuta sunan gari yadda kunnensa ya ji. Aikinmu ne mu mayar da mil kilomita, mu ɗauko taswira, mu furta sunan da baki har mu gane garin da yake nufi.

Sai dalilin hatsari. A nan ne marubuci ya fi zamewa. Layin da ya ce laifin matuƙi ne ra'ayin hafsan da ke samansa ne, wani lokaci na gaba da shi ya saɓa masa a katin guda. Wannan matuƙi yana da jikoki kamar yadda kakanninmu suke da mu. Mu rubuta "rahoton ya ɗora masa laifi", kada mu yanke masa hukunci da alƙalaminmu.

Yanzu mu dawo bakin kaka. Daga 1940 zuwa 1943 azumi yana kamawa ne a Satumba da Oktoba, Babbar Salla kuma cikin sanyin Disamba ko Janairu. Idan ta ce jirgin ya faɗi ana azumi, an fara yankan gero, kati kuma ya nuna Satumba 1942, shaidu biyu sun haɗu. Idan kati ya ce Afrilu, kada mu yi saurin cewa tsufa ne. Wataƙila wani jirgin dabam take nufi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da katin bai faɗa ba. An tsara shi ne domin jirgi da matuƙinsa. Leburan da suka share filin sauka, mai gadin da ya kwana a kan tarkace, manomin da gonarsa ta ƙone, mai garin da ya aika ɗan saƙo wurin Di'o, da wuya a ga sunansu. Su sai a neme su a fayilolin larduna da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, da kuma bakin mutanen gari.

Takardun Landan suna nan, ba inda za su. Waɗanda suka ga abin da idonsu suna yara kuwa, yau sun doshi casa'in ko sun haura. Saboda haka kafin mu aika wasiƙa Hendon, mu ɗauki waya mu je zauren tsoho mu naɗi muryarsa. Mu tambaye shi lokacin shekara, da wanda ke sarautar gari, da inda aka kai tarkacen. Idan muka zo rubutu, mu bambance wa mai karatu abin da takarda ta ce, da abin da aka gaya mana, da abin da muka hasaso.

Wa ke da irin wannan labari a gidansu? Muna sauraro. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.