Asalin Fassarar Saba'in

Fassarar Saba'in, wadda Turawa ke kira Sabtuwajinta, ita ce fassara ta farko da aka yi wa littattafan Yahudawa daga Ibrananci zuwa Yunananci. Labarin asalinta ya fito ne daga wata takarda da a ke kira Wasiƙar Aristiyas. Bisa ga ruwayarta, Sarkin Masar Batlamus na Biyu, wanda ya rasu a shekara ta 246 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya so a sa Attaura cikin babban ɗakin littattafansa na Iskandariya. Sai ya aika wa Babban Firist Ele'azara a Urushalima, shi kuwa ya aiko da dattawa 72, shida daga kowace kabila. Aka sauke su a wani tsibiri, suka gama aikin cikin kwana 72.

Amma fa ruwayar nan tana da rauni. An rubuta wasiƙar ne wajen shekara ɗari bayan zamanin sarkin. Dimitiriyas kuwa, wanda ta ce shi ya ba da shawarar, sarkin nan ne da kansa ya kore shi daga fada. Tun 1705 Humphrey Hody na Okusfod ya baje irin waɗannan hujjoji cikin littafinsa.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin harshen fassarar. Yunanancin littattafan Musa biyar irin wanda a ke rubuta wasiƙu da takardun ciniki da shi ne a Masar cikin ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, har da kalmomin Misirawa jefi-jefi, kamar sunan ciyawar bakin Nilu a mafarkin Fir'auna. Wannan ya sa masana da yawa su ke ganin Yahudawan Iskandariya ne suka yi wa kansu aikin, gama Ibrananci ya riga ya kuɓuce wa 'ya'yansu.

Sauran littattafan an fassara su ne daga baya, sannu-sannu, hannu dabam dabam. Mai fassarar Karin Magana ya saki jiki, mai fassarar Mai Wa'azi kuwa ya bi kalma kalma. Jikan Bin Sira, wanda ya shiga Masar a shekara ta 132 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci fassarar Attaura da ta Annabawa, ya kuma ce ba ƙaramin bambanci ke tsakaninsu da asali ba.

Duk da haka ba kowane bambanci ne laifin mai fassara ba. Littafin Irmiya na Yunananci ya fi na Ibrananci gajarta ƙwarai, an daɗe ana zargin an datse shi. Sai ga shi cikin takardun da aka fara tonowa a Kumran a 1947 an sami guntun Irmiya na Ibrananci mai bin gajeren tsarin nan. Watau mai fassarar abin da ke gabansa ya juya, sai dai kofen da ya yi aiki da shi ya ɓace wa duniya ƙarnuka masu yawa.