Ayyukan Binciken Ilimin Halittu Domin Baje Kolin Kimiyya A Makarantun Sakandare

Baje kolin kimiyya taro ne da ɗalibai ke gabatar da binciken da suka yi da hannunsu a gaban alƙalai, galibi a ƙarƙashin kulob ɗin JETS. Makarantun karkara da dama kan ja da baya bisa zaton cewa sai da ɗakin gwaje-gwaje ake shiga. Domin kawar da wannan zato, mun kawo ayyuka 5 da za a iya yi da kayan gida da na gona.

Ƙa'idojin Bincike

Wajibi ne ɗalibi ya tsaya kan tambaya ɗaya. Ya sauya abu ɗaya kawai tsakanin rukunin da yake gwadawa da wanda ya bari domin kwatance. Ya maimaita gwajin aƙalla sau 3, kana ya rubuta sakamako da kwanan wata a littafi.

1. Gwajin Tsirar Iri

A ƙirga ƙwaya 100 ta gero, dawa ko wake, a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Idan 75 suka tsira, ƙarfin irin kashi 75 cikin 100 ke nan. A kwatanta irin rumbu da na kasuwa da ingantaccen iri. Sakamakon zai nuna wa manomi irin da ya dace ya shuka tun kafin faɗuwar damina.

2. Kare Wake Daga Ƙwari

A cika kwalabe 3 masu girma ɗaya da wake daga buhu guda. A gauraya ta farko da garin busasshen ganyen darbejiya a rufe da ƙyalle, a toshe ta biyu ruf yadda iska ba za ta shiga ba, ta uku kuma a rufe da ƙyalle kawai. Bayan mako 8 a ƙirga ƙwayoyin da suka huje cikin kowace 100. Ƙwari na mutuwa idan iskar shaƙa ta ƙare, kuma a kan wannan ne Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007.

3. Matattarar Sauro

A ɗebo ruwa ludayi guda daga kududdufi, tsohuwar taya, kwata da randa, a ƙirga tsutsar sauro. Tsutsar Anopheles, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, tana kwanciya a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa, ta Culex kuwa tana rataya kai ƙasa. A 1897 ne Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. A rufe kwalabe da yankin gidan sauro, a kuma zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa bayan an kammala.

4. Tace Ruwa Da 'Ya'yan Zogale

A ɓare ƙwaya 1 ko 2, a daka, a dama cikin lita ɗaya ta ruwa mai laka, a bar shi awa 2. A kwatanta da ruwan da aka sa wa alif da wanda ba a sa wa komai ba. Muna gargaɗi cewa zogale na kwantar da laka, amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, don haka kada a sha ruwan gwaji.

5. Saiwar Wake Da Gyaɗa

A tono shuka a hankali daga gonaki daban-daban, a ƙirga 'yan ƙululun da ke jikin saiwa. A cikinsu ne ƙwayoyin Rhizobium ke kama sinadarin naitirojin daga iska. Ƙululun da aka tsaga aka ga cikinsa ja-ja yana aiki. Wannan na daga cikin hikimar haɗa gero da wake a gona ɗaya.

Kira Ga Hukumomi Da Iyaye

Muna kira ga shugabannin makarantu da su fara shiri aƙalla wata 3 kafin gasa, ganin cewa gwajin wake kaɗai na cin mako 8. Jami'an ilimi na ƙananan hukumomi su haɗa ɗalibai da malaman gona da ma'aikatan lafiya na yankinsu. Masu neman ingantaccen iri na iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ko reshen IITA da ke Kano. Haka nan muna roƙon iyaye da masu unguwanni su ba yara, maza da mata, damar shiga gonaki da ɗebo samfur a ƙarƙashin kulawar malami.