Abin da Wuta Ke Ci a Tsohuwar Makaranta

Makarantun Kaduna sun saba rasa suna da mazauni. Kwalejin Katsina ta dawo garin nan a 1938, ta zama Kwalejin Kaduna. A nan Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 ta kwashe ya-nata-ya-nata ta koma Zariya, inda aka raɗa mata Barewa a 1971. A farkon shekarun 1970 kuma gwamnati ta karɓe makarantun mishan, St. John's ta zama Kwalejin Rimi. Abin da ciwo, amma makarantar da ta tashi ko ta sauya suna tana iya tafiya da rajistarta.

Gobara ba ta barin ko wannan. Duk sanda wuta ta ci wata makaranta, mu tsofaffin ɗalibai mukan ruga tara kuɗin kwano da siminti, muna ta hirar ajinmu da bulalar malamin horo. Gini dai ana sake shi, wani lokacin har ya fi na da. Abin kuka yana ofishin shugaban makaranta: littafin shiga, sakamakon jarrabawa, hotunan 'yan aji, galibi kwafi ɗaya tak. A sana'armu ta manhaja, bayanin da ke ajiye wuri guda ba ma ƙirga shi a ajiyayye.

Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, duka a arewacin kogin nan, sun adana wasiƙun gwamnoni da razdan-razdan. Sunan yaron da ya shiga aji ɗaya a 1965 kuwa yana cikin kabad ɗin katako, kusa da tsohuwar wayar lantarki.