Gwiwar tsohuwa, daga ƙahon wanzami zuwa ƙullin ƙwayoyi

'Yan uwa marubuta, kusan duk labarin da muke rubutawa akwai wata kaka mai dafa bango kafin ta miƙe. Abin da muke mantawa shi ne maganin da take yi wa gwiwar nan yana da nasa tarihin, kuma mai karatu ɗan Kaura ko Zurmi zai gane in muka ba ta maganin da bai zo ba tukuna a zamaninta.

A zamanin Namoda, wanda garin Kaura ya ɗauki sunansa, lokacin da Alƙalawa ta faɗi a 1808, ciwon gaɓɓai sanyi ne a fahimtar mutane. Sanyi ya shiga ƙashi, sai a kore shi da zafi. Shi ya sa ake gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, a murza man kaɗe, a sha citta da kanumfari, a kwana kusa da wuta da hunturu. In abin ya ƙi, sai wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. Malamai kuma suna da nasu ilimin a rubuce: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafan magani da Larabci, har da na basir da na ciwon ido.

Kada mu raina wannan. Zafi da tausa suna sassauta ciwo da gaske, likitoci ma suna ba da shawararsu har gobe. Abin da ba sa iyawa shi ne mayar da guringuntsin da ya cinye tsakanin ƙasusuwa, wanda shi ne asalin ciwon gwiwar yawancin tsofaffi. Ƙaho kuwa, in aska ɗaya ta zagaya mutum goma, tana iya raba musu ciwon hanta.

A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Kaura Namoda, nan ne ƙarshensa. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga shi ya dawo da kayan kanti, kuma ta irin wannan hanya ƙwayoyin Turawa suka riƙa shigowa kasuwanni irin ta Shinkafi. Asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899, shi ne babba a cikinsu.

Sai 1948, wani likita a Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata da ciwon gaɓɓai ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel. Ba a jima ba aka ga kuɗin da jiki ke biya: fuska ta kumbura, jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Dangin wannan magani, irin su dekisametazon, su ne yau ake ƙullawa a leda tare da dikilofenak a miƙa wa tsohuwa a matsayin haɗin ciwon jiki. Wani lokaci ma a cikin kwalbar da aka ce zallar itatuwa ce ake zuba su. Ciwo ya lafa da dare, ta yi ta sa wa mai magani albarka, alhali dikilofenak ɗin na iya huda mata ciki ya taɓa ƙoda.

Na gwangwani masu tsada fa? A 2006 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan gulukosamin da kondoroitin, da mutum 1,583 masu ciwon gwiwa. A jimlace ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Ni dai da a ce in saya wa tsohuwata su, gara in saya mata sanda mai kyau da kujerar salla, ragowar in biya mata mota zuwa asibiti a duba ƙodarta, in hanya ta yi lafiya a ranar.