Tsatsa da guduma: tarihin gyaran jikin tsofaffin motoci

A shekara ta 1924, wurin baje kolin motoci na birnin Paris, André Citroën ya gabatar da motarsa mai suna B10, wadda jikinta duka na ƙarfe ne. Kafin wannan lokaci, jikin mota aikin kafinta da maƙeri ne, gadon masu ƙera keken doki: a haɗa ƙashin katako, sannan a lulluɓe shi da fallayen ƙarfe da aka buga da hannu. Citroën ya ɗauko sabuwar dabarar daga Edward Budd na Filadelfiya a Amurka, wanda tun 1914 yake yi wa kamfanin Dodge jikin ƙarfe zalla. Manyan injunan matsa ƙarfe suka riƙa fitar da ƙofa ko rufi cikin ɗan lokaci, aikin da maƙeri kan kwana yana yi. Ana ganin guduma ta gama yayinta a wannan sana'a, sai ga tsatsa ta dawo da ita.

A 1934 kamfanin ya fito da Traction Avant, motar da ba ta da shasi daban: jiki shi ne ƙashi, shi ne fata. Bayan yaƙin duniya na biyu wannan tsari ya game Turai, domin ya fi sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Amma yana da rauni. Kaurin fallen bai cika kai milimita ɗaya ba, kuma ƙarfin motar yana cikin wasu dogayen akwatuna masu rami, irin wanda ke ƙarƙashin ƙofa, waɗanda fenti ba ya shiga cikinsu. A daidai wannan zamani ne ƙasashen sanyi suka yawaita zuba gishiri bisa hanyoyi don narkar da ƙanƙarar hunturu. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska yakan yi tsatsa, gishiri kuwa yana gaggauta ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan gishiri kan bi ta mahaɗin fallaye ya kwanta a ciki, ya ci ƙarfen daga ciki zuwa waje. Ran da fenti ya kumbura, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Abin ya kai ga a 1980 kamfanin Lancia na Italiya ya sayi motocinsa samfurin Beta da dama daga hannun masu su a Ingila, aka murƙushe su, saboda tsatsa ta cinye wurin da ke riƙe da inji. A waɗannan shekaru ne masana'antu suka tashi tsaye. Aka riƙa tsoma jikin mota ɗungurungum cikin tafkin fenti da ƙarfin lantarki, aka kuma shafa wa ƙarfen tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi. Porsche ya soma haka a 1975, Audi 80 ta 1986 kuwa ta fito da jiki mai tutiya gaba ɗaya. Ke nan motocin da aka ƙera kafin wannan sauyi, waɗanda a yau ake kira motocin tarihi, su ne suka fi fama da ciwon.

Da yawa daga cikinsu sun ƙare tafiyarsu a Nijar. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, daga 1975 kuma aka soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan tuƙo tsofaffin motoci su ƙetare hamada ta Tamanrasset, Asamaka da Arlit, su sayar da su a Agadas ko su gangaro kudu. Motocin sukan zo da tsatsar hunturun Turai a ƙasansu. Busasshiyar iskar Sahel takan rage mata gudu, amma laka ta damina da ke maƙale bisa taya da ruwan da ke kwanciya ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa sukan ci gaba da aikin.

Gaban huda, mai gyara yana da hanya biyu: ya rufe ko ya yanke. Masu aikin dā sukan narka dalma su cike lotsawa, su daidaita ta da katako. A shekarun 1950 mastik na roba ya shigo, mai araha da saurin bushewa, amma ya buɗe ƙofar ha'inci, domin ana iya toshe huda da shi a shafa fenti a kai, bayan damina ɗaya ko biyu ya tsage. Shi ya sa mai sayen tsohuwar mota yakan bi jikinta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ne a ƙasa ba.

Gyara na ƙwarai ya fi tsawo. Ana kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, a yanke ruɓaɓɓen wuri sai an tarar da lafiyayye. In yankan zai taɓa akwatin ƙarƙashin ƙofa, sai an fara tokare bakin ƙofar da sandunan ƙarfe, in ba haka ba jikin ya lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa. Ana ɗaukar siffar wurin da kwali, a yanko sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a buga shi da guduma har ya ɗauki lanƙwasar motar. Sannan a haɗa su baki da baki, domin in an ɗora ɗaya bisa ɗaya danshi zai ɓuya a tsakani. Walda kuwa ɗigo-ɗigo ake yin ta, nan da can, ana barin ƙarfe ya huce, saboda zafi yana murɗe siririn falle. Wutar iskar gas da injiniyoyin Faransa Edmond Fouché da Charles Picard suka ƙirƙiro a 1903 har yanzu tana aiki a gareji da dama, ko da yake waldar lantarki mai zare ta fi ta rage zafi. A ƙarshe a goge, a shafa fentin kariya, a fesa mai mai danƙo cikin ramukan.

Sauran tambaya ita ce nawa za a yanke. A 1988 kamfanin British Motor Heritage ya soma buga sabon jikin motar MGB sukutum da injunan asali, har mutum na iya jefar da tsohon baki ɗaya. Sai gardama ta tashi: shin motar da aka sauya wa jiki duka ita ce ta dā? Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta amsa da Yarjejeniyar Turin, wadda ta soma aiki a 2013, bisa sawun Yarjejeniyar Venise ta 1964 kan gine-ginen tarihi. Manufarta ita ce a adana abin asali gwargwadon hali, a girmama alamun tsufa, a kuma rubuta duk abin da aka sauya don na baya su sani.

A ma'aunin FIVA, ɗaya daga cikin sharuɗɗan zama motar tarihi shi ne cika shekara 30. Duk wata 404 da ke kwance bayan gareji a Maraɗi ko Damagaram ta wuce wannan adadi. Wasunsu sun ɗauki gyaɗa da fasinja, wasu sun kai malamai makarantun ƙauye, amma galibi mai sayen tsohon ƙarfe ne ke jiran su da sikeli. Dattawan da suka iya fitar da lanƙwasar ƙofa daga miƙaƙƙen falle da guduma kaɗai suna nan a garejin garuruwa, sai dai suna tsufa, kuma sana'arsu a hannu take, ba a takarda ba. Ƙungiyar al'adu da ta ceci mota guda, ta zauna da mai gyaranta ta rubuta yadda yake aiki, ta adana wani yanki na tarihin sufuri da na ƙira a ƙasar nan.